Tarihin Maƙoƙo da Gishiri Mai Iyod

Ya kai mai karatu, in ka tambayi tsofaffin Tibiri ko na Dogon Dutsi, za su gaya maka a da maƙoƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Arewa. Wasu sun ɗora wa ruwan rijiya laifi, wasu suka ce gado ne. To, ga yadda aka gano tushensa.

A gaban wuyanka akwai wani ɗan ƙululu, likitoci na ce masa tiroyid. Shi ke sarrafa ruwan da ke bin jini yana tsara ɗumin jiki, da girma, da kaifin hankali. Amma ba ya iya wannan aiki sai da wani sinadari, iyod, wanda a Najeriya ake ce wa aidin. In iyod ya yi ƙaranci a abinci, sai ƙwaƙwalwa ta yi ta matsa wa ƙululun ya ƙara himma, har ya kumbura. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo.

A 1811 wani Bafaranshe mai suna Kurtuwa ya gano iyod cikin tokar ciyawar teku, yana cikin haɗa sinadarin albarushi. A 1820 likita Kwande na birnin Janeba ya gwada shi ga masu maƙoƙo, kumburin ya ragu. Daga baya aka tabbatar akwai iyod cikin ƙululun kansa. Sai masana suka yi shawara: mene ne mai kuɗi da talaka duk suke ci kullum? Gishiri. A 1922 aka fara zuba iyod cikin gishiri a ƙasar Suwis, Amurka ta bi a 1924.

Mu fa? Iyod a teku ya fi yawa, ƙasarmu kuwa nesa take da teku. Geron da aka noma a ƙasa marar iyod, shi ma ba shi da shi isasshe. Gishirin da kakanninmu suka saba saye, na Foga da fatake ke kawowa bisa jakuna daga wajen Gaya, da na Bilma da azalai ke kawowa bisa raƙuma, ba a zuba musu iyod. Miya ta yi daɗi, amma wuya bai sami abin da yake bukata ba.

A 1990 shugabannin duniya suka taru a birnin Niyok kan sha'anin yara, suka yi alkawarin kawar da wannan rashi. A 1994 aka duba ƴan makaranta a faɗin Nijar, aka tarar sama da ɗaya cikin uku na da maƙoƙo, babba ko ƙarami. A 1995 gwamnati ta kafa doka cewa gishirin ci sai mai iyod.

Kada ka ce abin a wuya ya tsaya. Mace mai ciki in ta rasa iyod, tana iya ɓari, ko ta haifi yaron da ba ya ji, ko wanda karatu zai yi wa wuya har girmansa. Wannan asara ba a mayar da ita. Alhali abin da mutum ke bukata duk rayuwarsa bai wuce cikin ƙaramin cokali ba, sai dai ana son sa kaɗan-kaɗan kowace rana.

Saboda haka ran kasuwa ka tambayi gishiri mai iyod. In ka kai gida, a rufe shi cikin gwangwani ko kwalba, nesa da rana da laima, don iyod yakan fice. Wanda maƙoƙo ya riga ya fito masa kuwa, ya tafi gidan likita, kada ya bari a tsaga masa wuya. Ka karanta wa matan gidanku wannan labari, don tukunya a hannunsu take.