Abota a Matsayin Cikas: Nazarin Fina-finan Barkwancin Soyayya Masu Zaman Kansu

Duk labarin soyayya yana buƙatar abin da zai shiga tsakanin masoya, in ba haka ba fim ya ƙare tun ɗan kallo bai gyara zama ba. A yawancin fina-finan da muka saba gani, na Indiya da na Kannywood, cikas daga waje yake zuwa: uba mai taurin kai, auren dole, ko abokin takara mai hannu da shuni. Amma akwai wani rukunin fina-finan barkwancin soyayya, galibi daga Amurka da Kanada, inda abin da ya tare hanya shi ne abotar da ke tsakanin saurayin da budurwar. Hujjar wannan maƙala ita ce, irin wannan jigo ya fi dacewa da masu shirya fim da ƙaramin jari a waje da manyan kamfanonin Hollywood, kuma darajar kowane fim a cikinsu ta dogara ne a kan ko ya yarda cewa abota aba ce da ake iya asararta.

Tushen zubin a zamaninmu shi ne When Harry Met Sally na 1989, wanda Nora Ephron ta rubuta, Rob Reiner ya ba da umarni. Ba ƙaramin fim ba ne, amma shi ya shimfiɗa hanyar: mutum biyu suna haɗuwa suna rabuwa tsawon shekara 12, kuma kusan duk abin da ke faruwa hira ce. Tun a 1981 masanin falsafa Stanley Cavell, cikin littafinsa Pursuits of Happiness, ya nuna cewa a tsofaffin fina-finan barkwanci na Hollywood iya hira da juna shi ne shaidar cewa mace da namiji sun dace. Abokai kuwa sun riga sun mallaki wannan shaida tun daga fitowar farko. Ba sa neman sanin juna, tsoro suke kada kalma ɗaya ta rushe abin da suka gina, domin sabo ake yi wa kuka.

A nan ne batun kuɗi ya shigo. Labarin da duk ƙarfinsa yake cikin magana, da kallon da aka kawar da sauri, da shirun da ya ɗan wuce ƙima, ba ya buƙatar jirgin sama ko taron jama'a. Ɗaki ɗaya da 'yan wasa biyu ko huɗu sun wadatar. Da kyamarorin dijital suka yi araha a farkon shekarun 2000, daraktoci irin su Lynn Shelton da Joe Swanberg suka riƙa barin 'yan wasa su yi magana yadda mutane ke yi, da in'ina da kwan-gaba-kwan-baya. A fim ɗin Shelton, Your Sister's Sister na 2011, taurari uku ne a gida guda a wani tsibiri, kuma Iris ta daɗe tana son amininta Jack ba ta faɗa ba.

Misali mafi ƙarfi shi ne Drinking Buddies na Swanberg, wanda ya fito a 2013. Kate da Luke, wato Olivia Wilde da Jake Johnson, suna aiki a wani ƙaramin kamfanin giya a Chicago, kullum cikin tsokana da raha, kowanne kuma yana da wanda yake nema. Ba a rubuta musu zantuka ba, tsarin labari kawai aka ba su suka cike da bakinsu. Fitowar da ta warware komai ba ta da kiɗa ko hawaye. Luke ya je taya Kate kwashe kaya daga tsohon gidanta, ƙusa ta yanke shi a hannu, sai ga Kate ta kasa ko duban jinin, ballantana ta ɗaure masa. A wannan rana guda ɗan kallo ya gane cewa wadda kuka iya dariya tare ba lallai ce wadda za ku iya zama tare ba. Fim ya ƙare suna cin abincin rana a teburi ɗaya, abokai kamar jiya. Da wuya babban kamfanin da ya zuba miliyoyin daloli ya amince da irin wannan ƙarshe, saboda masu saye sun zo ne su ga an daidaita.

Mai suka zai ce zaman kai sau da yawa suna ne kawai na kasuwa, kuma yana da gaskiya. What If na Michael Dowse, wanda aka fara nunawa a bikin fina-finai na Toronto a 2013, ya ƙare da aure kamar kowane fim na Hollywood. Haka Plus One na 2019, inda Ben da Alice ke raka juna bukukuwan aure har suka faɗa son juna, ya bi sananniyar hanya duk da kyautar 'yan kallo da ya ci a bikin Tribeca. Matsalata da What If ba auren ba ne. Wallace, wanda Daniel Radcliffe ya fito a matsayinsa, ya karɓi abotar Chantry alhali ya san abin da ke ransa tun daren da suka haɗu, kuma ya san tana da saurayi. Wannan jiran dama ne da aka sa wa rigar abota. Fim ɗin ya bar Chantry ta fusata da hakan na ɗan lokaci, sannan ya saka wa Wallace da abin da yake so.

Masu kallo a ƙasar Hausa sun san wannan jigo ta wata ƙofar. Kuch Kuch Hota Hai na Karan Johar, na 1998, labarin aminan kwaleji ne, amma dubi sharaɗin da ya gindaya: sai da Tina ta mutu, shekara takwas suka wuce, Anjali ta ajiye ƙwallon kwando da gajeren gashi ta ɗaura sari, kafin Rahul ya ga mace a gabansa. Wato dole abokiyar ta zama wata daban kafin a so ta. Ƙananan fina-finan, har raunanan cikinsu, ba sa neman wannan sauyi. Alice ta Plus One da kaifin bakinta aka so ta.

Saboda haka ƙarshen fim, da aure ko babu, ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne ko marubuci ya nuna abotar tana da nauyin da zai sa mai hankali ya yi jinkirin buɗe baki. A kan wannan, Drinking Buddies ya ci jarrabawa, Plus One ya tsallake da kyar, What If kuwa ya faɗi.