Daga Jirgin Nguru Zuwa Siton Damaturu: Tarihin Yadda Magani Ke Isowa Asibitocinmu

Da wuya a sami gida a Yusufari, Gashuwa ko Nguru da ba a taɓa miƙa wa wani nasa takarda a asibiti aka ce ya je kemis ya sayo ba. Mukan yi fushi da wanda ke bakin taga, alhali ba shi ke sayo maganin ba. Bari mu waiwayi yadda abin ya faro.

A zamanin Turawa, wata hukuma da ke Landan mai suna Crown Agents ce ke yi wa gwamnatocin mulkin mallaka sayayya. Kaya su sauka a Ikko, jirgin ƙasa ya hauro da su Arewa. Da layin dogo ya iso Nguru a 1930, jirgin da ke kwashe gyaɗa da fatu shi ne ke kawo mana kayan Turai. Daga tasha kuma sai dabbobi, daga baya motoci, su ratsa yashi zuwa garuruwanmu. Ɗakunan shan magani na En'e kaɗan ne, amma mai saye ɗaya ne, hanya ɗaya.

Bayan 'yancin kai, sayayya ta koma hannun ma'aikatun lafiya da 'yan kwangila. Da kuɗin fetur ya ja baya, aka shigo da tsarin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, sito ya bushe. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako suka amince da wata dabara: a ba asibiti jarin magani, ya sayar da sauƙi, kuɗin su koma su sayo wani, jama'ar gari kuma su sa ido. Hukumar PTF, wadda Janar Buhari ya shugabanta a zamanin Abacha, ta raba magunguna bisa wannan tsari kafin a rushe ta a 1999.

Dabarar ba ta da laifi. Inda ta mutu, abu ɗaya ne ya kashe ta: an taɓa uwar kuɗi. A ranci na magani a sayi man janareta, ko a bayar bashi ba a biya ba. Mai kawo kaya ya ji shiru, ya daina kawowa. Sai a koma kasuwa, musamman Sabon Garin Kano, inda mai kyau da jabu suka daɗe suna cuɗanya. Araha kuwa ba ta ado. Ko bayan kafa NAFDAC a 1993, maganin haƙoran jarirai na My Pikin ya hallaka yara 84 daga ƙarshen 2008.

A 2007 Shugaba 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar sayen kayan gwamnati. Ita ta wajabta wa cibiyoyin tarayya, irin Asibitin Tarayya na Nguru, su tallata kwangila, a buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, a ba wanda ya cika sharuɗɗa da farashi mafi sauƙi. A jiha kuma, gwamnatin Mai Mala Buni ta kafa hukumar YODMA a Damaturu, domin a sayi magani da yawa a wuri guda a rarraba wa asibitoci.

Ke nan mun kewayo kusa da inda aka fara: mai saye ɗaya, sito ɗaya. Bambancin shi ne, kakanninmu ba su da bakin tambaya, mu kuwa muna da shi. Kwamitocin raya mazaɓu na da hurumin sa ido a ƙananan asibitocinmu. Mu shiga cikinsu. Mu tambaya: daga ina aka sayo? An biya mai kaya? Nawa ya rage a asusun magani? Idan mun saya, mu karɓi rasit, domin kuɗin da ba a rubuta ba ba ya komawa sito.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa ma'aikatanmu riƙon amana. Amin.