Kansilan da Aka Manta: Nazari Kan Karramawa da Adana Tarihi a Ƙananan Hukumomi

A cikin ayyukan da Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi a Jadawali na Huɗu, akwai wanda ba kasafai ake ambatonsa ba, wato raɗa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba. Yana nan jere da kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da mahauta da rajistar haihuwa da mutuwa. Ke nan majalisar ƙaramar hukuma ce doka ta ba ikon zaɓen sunan da zai zauna a bakin jama'a shekara da shekaru. Amma duk wanda ya zaga garuruwanmu zai ga tituna ɗauke da sunayen shugabannin ƙasa da gwamnoni da sarakuna da attajirai, da wuya ya ci karo da layi ɗaya mai sunan kansilan da ya taɓa wakiltar unguwar. A sakatariyoyi da yawa akwai allon katako da aka jera sunayen ciyamomi da kantomomi da shekarun da suka yi. Kansiloli kuwa ko wannan allon ba su samu ba.

Ba kuma mutane kaɗan ake magana a kansu ba. Ƙasar na da ƙananan hukumomi 774, a lissafin hukumar zaɓe ta ƙasa kuma akwai mazaɓu 8,809. Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44 da kujerun kansila 484 a kowane zango. In aka haɗa duk waɗanda suka hau irin waɗannan kujeru tun daga 1976, za a ga dubun dubatar mutane ne, kuma akasarinsu sun sauka ba tare da an bar ko shafi guda da ke nuna abin da suka yi ba.

Sai an koma asalin kujerar kafin a gane girman asarar. A zamanin En'e, majalisar sarki ce ke riƙe da baitulmali da 'yan doka da kotuna da gidan yari. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Jihar Arewa yana neman a gyara tsarin En'e domin talaka ya samu bakin magana, a watan ne kuma aka kafa NEPU a Kano, wadda ta ɗauki wannan fafutuka da zafi. Ahmadu Bello kansa ya je Ingila a 1948 ya karanci tsarin mulkin ƙananan hukumomi, ya kuma zauna a majalisar En'e ta Sakkwato kafin ya zama Firimiya. Dokar En'e ta 1954 ta ƙara buɗe ƙofa ga zaɓaɓɓun wakilai, amma sai da gyaran 1976, zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka samu tsari iri ɗaya a ƙasa baki ɗaya, da ƙananan hukumomi 301. Kujerar kansila, ashe, abu ce da aka sha ɗauri da bulala kafin a same ta.

Kansilolin 1976 sun cancanci a tsaya a kansu. A zaɓen da ya kawo su ne doka ta fara bai wa matan Arewa damar kaɗa ƙuri'a, abin da su Hajiya Gambo Sawaba suka daɗe suna nema. Su ne kuma a 1977 suka zauna suka zaɓi akasarin wakilan Majalisar Tsara Tsarin Mulki, wadda ta haifar da kundin 1979. Mutanen da suka ɗauki wannan nauyi yau galibinsu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma tsufa ya cim musu. Ɗalibin tarihi da zai nemi jerin sunayensu a ƙaramar hukumarsa zai sha wuya ƙwarai, domin ƙaramar hukumar ma an rarraba ta: daga 301 aka kai 589 a 1991, sannan 774 a 1996, kuma a kowace rabuwa fayiloli sukan watse tsakanin tsohuwar hedikwata da sabuwa.

Abin da ya sa wannan mantuwa ta fi ɗaure kai shi ne Bahaushe mutum ne mai riƙe sunan shugabanninsa. Littafin Tarihin Kano ya jero sarakuna tun daga Bagauda. A ƙauye, dattijo zai lissafa maka dagatan garinsu kaka da kakanni ba tare da ya buɗe takarda ba. Abin da ya riƙe waɗannan sunaye shi ne daɗewa a kan kujera, da gadon gida, da maroƙa masu maimaita kirari a kowace salla. Kansila ba shi da ko ɗaya daga ciki. Wa'adinsa galibi shekara biyu ne ko uku, gwargwadon dokar jiharsa, sau da yawa ma ba ya kammalawa sai gwamna ya rushe majalisar ya naɗa kwamitin riƙo.

Dalili mafi nauyi shi ne yadda ake hawa kujerar. Bayan zaɓen 5 ga Disamba 1998, wanda hukumar zaɓe ta ƙasa ta gudanar, zaɓen ƙananan hukumomi ya koma hannun hukumomin zaɓe na jihohi. Sakamakon sananne ne. A Kano, a watan Janairu na 2021 jam'iyyar APC mai mulkin jihar ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 gaba ɗaya. A watan Oktoba na 2024, bayan mulki ya koma hannun NNPP, ita ma ta lashe dukkansu. Haka abin yake a kusan kowace jiha, kowace jam'iyya ce ke mulki. Idan jama'a suka san cewa sunan kansilansu daga gidan gwamnati ya fito, ba za su ɗauke shi nasu ba, kuma mutum ba ya adana tarihin abin da bai ɗauka nasa ba. Ga kuma asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 ya tanada, wanda ya sa kuɗin ƙananan hukumomi ke bi ta hannun jihohi. Majalisar da ba ta da iko da kasafinta ba ta da aikin da za a nuna a ce nata ne. In an gina kwalbati ko an haƙa burtsatse, sunan gwamna ake rubutawa a jikin allon.

Duk da haka zalunci ne a ce kansila ba ya aiki. Wanda ya taɓa zama kusa da gidan kansila ya san yadda safiyarsa take. Kafin ya karya kumallo zaure ya cika: wannan na riƙe da takardar magani daga asibiti, wancan ɗansa na ofishin 'yan sanda yana neman mai tsaya masa, ga matashi mai son a sa masa hannu ya samu takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ga dattawan layi sun zo maganar taransifoma da ta ƙone. Shi ne zai raka mai unguwa sulhun iyakar gona, shi ne zai tsaya a kan 'yan aikin gayya ranar yasar magudanar ruwa kafin damina. Yawancin wannan daga aljihunsa yake fita, kuma babu littafin da ake shigar da shi. Ranar da ya rasu, in ya yi sa'a, ciyaman mai ci zai zo zaman makoki da tawaga, a yi addu'a, a sa hoto a Facebook. Bayan sadakar bakwai maganar ta wuce.

Ingila, inda aka aro tsarin kansila, ta yi wa wannan lamari doka. Sashe na 249 na Dokar Ƙananan Hukumomi ta 1972 ya bai wa majalisa ikon naɗa tsohon kansila muƙamin dattijon majalisa na girmamawa, bisa sharaɗin ya yi fitacciyar hidima, kuma sai kashi biyu cikin uku na masu kaɗa ƙuri'a sun amince a zama na musamman da aka kira domin haka. Abin lura a nan shi ne sharaɗin. Kashi biyu cikin uku yana nufin a majalisar da 'yan adawa suka fi kashi ɗaya cikin uku sai an nemi yardarsu, don haka karramawar tana da daraja.

Wannan sharaɗi ne muke da buƙatarsa fiye da bikin. A wajenmu lambar yabo ta yi arha. Ƙungiyoyi barkatai suna kama zauren otal su raba allunan gilashi ga duk wanda ya ɗauki nauyin taron, har ta kai mai mutunci yana jin nauyin karɓa. In aka ce a karrama tsofaffin kansiloli ta wannan hanya, waɗanda suka cinye kuɗin rijiya ne za su riga kowa hawa dandamali. Yabon gwani ya zama dole, amma sai an san gwanin, kuma ba za a san shi ba sai da rubutacciyar shaida. Saboda haka a ganina adana bayanai ne ya kamata ya zo kafin karramawa: littafin zaman majalisa, da ƙudurorin da kowane kansila ya kawo, da yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan kasafi. Irin wannan rubutu yana wanke mai gaskiya, yana kuma tona wanda ya ci amana. Abin takaici, mai bincike da ya je Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ko Gidan Arewa zai fi samun bayanin abin da aka tattauna a ofisoshin lardi da na En'e shekara saba'in da suka wuce a kan abin da majalisar ƙaramar hukumarsa ta zartar shekara goma baya.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kwamitin riƙo. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, amma adana tarihi ba ya cikin abubuwan da sai an jira Abuja. Kowace majalisa za ta iya zartar da ƙuduri a zama ɗaya cewa a tattara sunayen kansilolin kowace mazaɓa tun daga 1976, a tura ma'aikatan sashen yaɗa labarai su ɗauki muryar dattawan da suka rage, a ajiye kwafi a sakatariya da hukumar tarihi ta jiha. Za ta iya kuma gindaya ƙa'ida cewa ba za a raɗa wa layi sunan tsohon kansila ba sai bayan ya sauka da shekaru, kuma sai mutanen mazaɓarsa ne suka nema. Kansilolin da ke kan kujera yanzu su ne ke da wannan iko a doka, su ne kuma za su sauka nan da shekara biyu ko uku. Su fara da 'yan zangon 1976 tun sauransu suna raye.