Kula da Wayoyin Aiki da Tsare Bayanan Jama'a a Basawa, Samaru da Sabon Gari

Gabatarwa

Abin da muke nufi da wayar aiki shi ne duk wata wayar salula ko ƙaramar kwamfutar hannu da ma'aikaci ke gudanar da aikin ofis da ita, ko hukuma ce ta ba shi, ko shi ya saya da kuɗinsa. A Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, wadda ta ƙunshi Basawa, Samaru, Bomo da Hanwa, irin waɗannan na'urori suna hannun malaman gona, ma'aikatan lafiya, malaman makaranta da masu karɓar haraji. Abin da ke cikinsu ya fi su daraja: sunayen manoma, lambobin asusun banki, bayanan masu juna biyu da na yara. Waɗannan duk amana ce ta jama'a.

Yadda waya ta shiga aikin hukuma

Kamfanonin MTN da Econet sun fara aikin wayar salula a Najeriya a watan Agusta na 2001. A shekarar 2012 Gwamnatin Tarayya ta soma raba takin zamani da iri ta hanyar saƙon waya, inda manomi ke zuwa da saƙonsa ya karɓi rabonsa. An kuma yi amfani da wayoyi wajen bin sawun masu allurar rigakafin shan inna a jihohin Arewa, kafin a tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga ƙasar nan a 2020. Haka nan hukumar zaɓe ta yi aiki da na'urar tantance katin zaɓe a 2015, sannan da BVAS a 2023. A Samaru kuwa, inda Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona da hukumar NAERLS suke, an daɗe ana tattara bayanan manoma, kuma yau akasarin wannan aiki da waya ake yin sa.

Sababbin sauye-sauye

Na farko, layi ya zama shaidar mutum. An ƙaddamar da lambar BVN ta bankuna a 2014, kuma a watan Disamba na 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Saboda haka wanda ya mallaki layin mutum yana iya karɓar lambobin sirrin da banki ke aiko masa.

Na biyu, doka ta shigo. Bayan Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a a watan Yuni na 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta wajabta wa duk ma'aikatar da ke riƙe da bayanan mutane ta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 da samun labari, idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Ɓacewar waya ɗaya na iya zama irin wannan lamari.

Na uku, ana kula da wayoyi daga nesa. Akwai manhajoji, irin su Microsoft Intune, da ke ba jami'i ɗaya damar ganin dukan wayoyin ma'aikatarsa, ya hana saka manhajar da ba a amince da ita ba, ya kulle wadda ta ɓace ko ya goge abin da ke cikinta. Wayoyin Android kuma suna da tsarin raba waya gida biyu, ɓangaren aiki da na mai ita, ta yadda ofis zai goge nasa ba tare da ya taɓa hotunan iyalin ma'aikaci ba.

Na huɗu, ana duba tsawon lokacin da kamfani zai ci gaba da aiko wa waya gyaran tsaro. Google a 2023 da Samsung a 2024 sun yi alkawarin shekara 7 ga manyan wayoyinsu, amma masu araha ba su cika samun haka ba. Ya kamata a yi wannan tambaya kafin a sayi wayoyin ofis.

Abin da ya hau kan shugabannin ofisoshi

Muna ba da shawara kowane ofis ya buɗe littafin rajista mai ɗauke da sunan wanda aka ba waya, da lambar layi, da lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#. A riƙa karɓar waya a rubuce duk lokacin da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, a kuma cire shi daga zaurukan WhatsApp na ofis. Kada a bar layin ofis ya daɗe a ajiye, domin kamfani kan sake sayar da layin da aka daina amfani da shi.

Abin da ya hau kan ma'aikaci

Ya sa wa wayar makulli na lamba ko na zanen yatsa, ya kuma sa wa katin layin lambar sirri tasa daban. Ya kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp. Kada ya bar wayar a buɗe a wurin masu caji ko masu gyara a kasuwa, kuma kada ta zama abin wasan yara a gida. Idan ta ɓace, ya fara rufe asusun banki, sannan layin, ya sanar da shugabansa a ranar, kana ya kai rahoto ofishin 'yan sanda da lambar IMEI. Ɓoye asarar don tsoron faɗa shi ne ke ƙara ɓarna. Ƙorafi a kan kamfanin waya kuwa ana kai shi ga hukumar NCC ta lamba 622, kyauta.

Kira ga jama'a

Muna roƙon dagatai, masu unguwanni da limamai su faɗakar da jama'arsu cewa babu ma'aikacin gwamnati ko na banki da ke da ikon neman lambar sirrin katin mutum, ko lambar da aka aiko masa ta saƙo. Duk wanda ya zo ɗaukar sunaye da waya, a nemi katin shaidarsa, a tambaye shi ofishin da ya aiko shi da abin da za a yi da bayanan. Doka ta ba kowa wannan haƙƙi.

Kammalawa

Waya dai ana iya sayen wata, amma bayanan da suka faɗa hannun macuta ba sa komowa. Kamar yadda muke kulle ma'ajiyar fayil kafin mu tashi daga ofis, haka ya wajaba mu riƙi wayar aiki, domin rigakafi ya fi magani.