Yadda Aka Fara Ƙarin Ruwa a Asibiti

Wanda duk ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibiti ya ga gorar ƙarin ruwa rataye, ya kuma ga nas tana auna fitsarin majiyyaci tana rubutawa. Yau za mu ba ku labarin asalin wannan aiki.

Fiye da rabin nauyin jikin mutum ruwa ne, ruwan nan kuwa gauraye ya ke da gishiri iri iri, waɗanda zuciya da jijiyoyi ba su aiki sai da su. Likitocin da ba su san haka ba. Da annobar kwalara, watau amai da gudawa, ta shiga Ingila cikin 1831, sai su riƙa tsaga jijiyar majiyyaci suna zubar da jini, suna ba shi maganin wankin ciki. Mutumin da ya riga ya bushe ke nan a ke ƙara tatsewa!

A shekarar nan wani saurayin likita, William O'Shaughnessy, mai shekara 22, ya binciki jinin masu ciwon. Ya ga jinin ya yi kauri ya yi baƙi, don ruwa da gishirinsa sun zube cikin zawo. Ya ba da shawara a mayar da abin da ya fita. Wanda ya gwada shi ne Likita Thomas Latta na garin Leith, kusa da Edinburgh, cikin 1832. Ya dama gishiri da wata irin hoda dangin kanwa cikin ruwa mai ɗumi, ya ɗura wa wata tsohuwa ta jijiyar hannu, tana bakin mutuwa. Cikin rabin sa'a ya zuba mata kimanin lita 3. Idanunta da suka faɗa suka taso, jikinta ya yi ɗumi, ta yi magana.

To, ga inda ya kamata ku kasa kunne. Latta ya gaji, ya bar ta hannun wani likita ya tafi hutawa. Amai da gudawa suka dawo, ba a ƙara mata ruwa ba, bayan 'yan sa'o'i ta rasu. Tulun da ke yoyo ba a cika shi sau ɗaya a juya baya. Abin da ya sa ke nan yau nas ta ke rubuta kowane kofi da majiyyaci ya sha, da abin da ya fitar, dare da rana, don a san bashin da jiki ke bi. Mai jinya da ya zubar da fitsari kafin a auna ya ɓata mata lissafi.

Latta ya rasu cikin 1833, annoba ta lafa, aka manta da aikinsa shekaru da yawa. Ruwansa ma ba tsabtatacce ba ne, don a zamanin ba a san ƙwayoyin cuta ba. Cikin 1883 Likita Sydney Ringer na Landan ya nuna gishirin miya kaɗai bai isa ba. Mataimakinsa ya yi haɗi da ruwan famfo maimakon tataccen ruwa, sai zuciyar kwaɗo da su ke gwaji da ita ta daɗe tana bugawa, saboda sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan. Alexis Hartmann na Amurka ya gyara haɗin cikin 1932, shi ne a ke ɗaura wa masu kwalara har yanzu.

Amma ƙarin ruwa sai da allura da gwanin sa ta, talakan ƙauye kuwa ina zai same su? Masana suka gano cewa sukari na taimakon hanji ya tsotse gishiri da ruwa ko ana cikin zawo. Cikin 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, gorunan ƙarin ruwa suka ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka dama gishiri da sukarin gulukos da hodar soda cikin durom, dangi suka yi ta shayar da marasa lafiya. Da mutum kamar 30 cikin 100 ke mutuwa, suka koma ƙasa da 4. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen yaɗa wannan dabara sa'ad da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992.

Iyaye mata, in yaro ya fara zawo, a karɓo ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, a dama yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami lita 1 na ruwan da aka tafasa ya huce, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, ba a tula ba. Kada gishirin ya wuce haka, yawansa na yi wa yaro lahani. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, kada a daina ba shi nono. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba. In kuwa idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ɗauke, ko ya kasa sha, a garzaya da shi asibiti, ana ba shi ruwan a hanya.