Ingancin Ruwa da Lafiyar Halittun Ruwa a Tafkin Wasai: Nazari kan Madatsar Jakara ta Ƙaramar Hukumar Minjibir

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dangantakar da ke tsakanin ingancin ruwa da lafiyar halittun da ke rayuwa a tafkin Wasai, wato ruwan da madatsar Jakara ta tare a arewa maso gabashin birnin Kano. An dogara ga binciken da masana suka wallafa game da kogunan Jakara da Getsi, tare da ƙa'idojin ilimin tafkuna marasa zurfi da ma'aunan Hukumar Lafiya ta Duniya. Maƙalar ta nuna cewa dagwalon birni da rashin zurfi su ne suke tafiyar da rayuwar tafkin, kuma lakar da ke ƙasansa tana adana gurɓata na shekaru masu yawa, saboda haka awon ruwan sama-sama da rana ba ya isa a yanke hukunci kan lafiyarsa.

1.0 Gabatarwa

Bayan farin da ya addabi ƙasar Hausa a farkon shekarun 1970, jihar Kano ta duƙufa wajen gina madatsun ruwa, aikin da ya kankama tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Daga cikin waɗanda aka gina a arewacin jihar akwai ta Tomas da ta Gari da ta Jakara, wadda aka kammala a 1976 a kusa da garin Wasai domin noman rani da kamun kifi da shayar da dabbobi. Abin da ya bambanta Jakara da sauran shi ne mafarin ruwanta, domin kogin da ke cika ta daga tsakiyar birnin Kano ya taso, ya ratso unguwanni da kasuwanni da mayanka kafin ya isa karkara. Don haka tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me ke faruwa ga kifi da tsiro da ƙananan halittu idan tafki marar zurfi ya zama makwancin ruwan da babban birni ya gama amfani da shi?

2.0 Farfajiyar Bincike

Tafkin yana cikin yankin da Michael Mortimore ya yi wa nazari tun shekarun 1960, ya bayyana shi a matsayin karkara mai cinkoson jama'a, inda ake nome kusan kowace gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, ana shuka gero da dawa da gyaɗa da wake, ana kuma raya ƙasar da takin dabbobi da na bola. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, ruwan sama kuwa yakan zuba ne mafi yawa daga Yuni zuwa Satumba, sannan a shafe kimanin wata bakwai babu ruwa.

Kogin Jakara yana da tsohon tarihi a Kano, domin a gefensa ne Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15. A yau yana kwasar ruwan kwatamin cikin birni da Fagge da Sabon Gari, da jini da tumbin da ke fitowa daga mayanka, sannan ya haɗu da rafin Getsi, wanda ke ɗauko dagwalon masana'antun Bompai, musamman kamfanonin jimar fata da masaƙu da na sarrafa abinci. Da damina ruwan sama yana tsarma wannan dagwalo, amma da rani kusan duk abin da ke gudana a kogin ruwan da aka riga aka yi amfani da shi ne, kuma da shi masu lambu ke ban ruwan latas da alayyafo da karas a Kwakwaci da Gama da sauran fadamun da ke kan hanyarsa.

3.0 Ma'anar Tafki Marar Zurfi

A ilimin tafkuna ana kiran tafki marar zurfi idan iska na iya juya ruwansa tun daga sama har ƙasa, ta yadda ruwa da laka ke cuɗanya a kai a kai. A tafki mai zurfi abin da ya nutse yakan kwanta can ƙasa ya rabu da ruwan sama na tsawon watanni, amma a marar zurfi iskar hunturu ko guguwar farkon damina ta isa ta tayar da abin da ya kwanta. Yawancin faɗin tafkin Wasai, musamman bakin da kogi ke shigowa da gefunan da ke janyewa da rani, yana cikin wannan rukuni, kuma yashin da zaizayar gonaki ke kawowa kowace damina yana ƙara cike shi.

Masanin nan na ƙasar Holan, Marten Scheffer, ya bayyana a littafinsa na 1998 cewa irin wannan tafki yana iya zama cikin ɗayan hali biyu. A hali na farko ruwa garau yake, hasken rana na kaiwa ƙasa, ciyayin cikin ruwa suna riƙe laka da saiwoyinsu, suna ba 'ya'yan kifi mafaka. A hali na biyu ruwa ya yi kore ko ya yi duhu saboda gansakuka, wato ƙananan tsirrai masu yawo a ruwa, haske ya kasa ratsawa, ciyayin ƙasa su mutu, laka ta saki jiki. Muhimmin abin lura shi ne komawa daga hali na biyu zuwa na farko ya fi faɗawa cikinsa wuya nesa ba kusa ba, kamar yadda aka gani a tafkin Veluwe na Holan, wanda ya gurɓace a ƙarshen shekarun 1960, bai kuma washe ba sai a shekarun 1990, duk da cewa an daɗe da rage dagwalon da ke shiga cikinsa.

4.0 Ƙoshin Taki da Iskar Oksijin

Ruwan kwatami da na mayanka suna ɗauke da naitirojin da fosfaras, sinadarai biyun da manomi ke saye a buhun takin zamani. Idan suka yi yawa a tafki sai a sami abin da za a kira ƙoshin taki, wato gansakuka da kainuwa da kachala su yi ta yaɗuwa fiye da kima. Da rana gansakuka tana fitar da oksijin, har awo ya nuna ruwan a cike yake da ita, amma da dare ita da ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da ƙazanta duk shaƙa suke yi, saboda haka iskar takan yi ƙasa matuƙa gab da asuba. Zafi kuma yana ƙara tsananta lamarin, domin ruwa mai ɗumin digiri 20 yana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita, amma a digiri 30 abin da yake riƙewa bai kai miligiram 8 ba, alhali buƙatar kifi ƙaruwa take yi da zafi. Yawancin kifaye suna buƙatar kimanin miligiram 5 domin su yi girma yadda ya kamata, idan kuwa ta faɗi ƙasa da 2 sai su galabaita, su taso sama suna haki. Wannan ne ya sa bazara, daga Maris zuwa Mayu, ta zama lokaci mafi hatsari, lokacin da ruwa ya ja baya, zafi ya kai ƙololuwa, dagwalo kuma bai sami abin tsarma shi ba. Ruwan farko na damina ma yana da nasa hatsarin, domin shi ke wanko ƙazantar da ta taru a magudanan birni tsawon rani ya zubo ta gaba ɗaya.

Akwai wasu illoli biyu da ke biyo bayan ƙoshin taki. Na farko, amoniya, wadda ke fitowa daga ruɓar fitsari da jini, dafinta ga kifi yana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi kuma kanwarsa ta hau, yanayin da gansakuka ke haddasawa da la'asar. Na biyu, wasu nau'o'in gansakuka masu launin shuɗi-kore suna fitar da dafi mai cutar da hanta, abin da ke da muhimmanci a wurin da makiyaya ke shayar da shanu da tumaki.

5.0 Ƙarafa Masu Guba da Laka

Jimar fata ta zamani tana amfani da gishirin kuromiyam da farar ƙasa da sinadarin salfaid mai tuge gashi, kuma binciken da masana na Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i suka wallafa ya sha nuna kuromiyam da darma da kadmiyam a ruwan Getsi da Jakara fiye da yadda ya dace. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha ya tsayar da iyakar kuromiyam a miligiram 0.05 a lita, darma 0.01, kadmiyam 0.003. Ƙarafa ba sa ruɓewa kamar ƙazantar kwatami, sai dai su manne wa ƙwayoyin laka su nutse da zarar kogi ya shiga tafki gudunsa ya ragu. Ta haka lakar ta zama tamkar rumbun da aka shekara kusan hamsin ana zuba wa ba a ɗiba. Fosfaras ma haka yake kwanciya, kuma duk lokacin da oksijin ta ƙare a ƙasa sai laka ta sake shi ya koma ruwa, ya ciyar da sabuwar gansakuka ko da ba a zubo sabon dagwalo ba.

6.0 Abin da Halittun Ruwa ke Nunawa

Tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan matsatsinta da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari, karfasa kuma tana da juriya tana kuma cin gansakuka, saboda haka su biyun suna iya yawaita a ruwan da kifaye masu buƙatar iska sosai, irin su giwan ruwa da tsage, ba za su iya zama ba. Ke nan cikar koma da tarwaɗa ba ta tabbatar da lafiyar tafki. Yawan ire-iren kifin ne ma'auni. Haka kuma tarwaɗa a laka take kiwo, don haka ta fi kusa da ƙarafan da suka kwanta, waɗanda sukan fi taruwa a hanta da matsatsi fiye da tsoka. Daga cikin ƙananan halittu, jajayen tsutsotsin laka suna nuna ƙarancin oksijin idan su kaɗai suka mamaye ƙasa. Ciyayin bakin ruwa kuwa suna ba katantanwa irin ta Bulinus mazauni, wadda ita ce ke ɗauke da tsutsar tsargiya, cutar fitsarin jini da bincike ya tabbatar da ita a tsakanin yaran garuruwan da ke gefen wannan tafki.

7.0 Shawarwari da Kammalawa

Abin da ya gabata yana nuna cewa awon da za a dogara da shi dole ya haɗa da oksijin ta asuba da ta la'asar, da samfurin laka, da hanta da tsokar kifi, a bazara da damina da hunturu, kuma a ci gaba da yin sa shekara da shekaru. Masunta da sarakunan ruwa, waɗanda ke kan tafkin kullum tun kafin fitowar rana, su ne suka fi kowa sanin ranar da kifi ya taso sama da irin kifin da ya daina shiga koma, saboda haka ya kamata a sa su cikin aikin tattara bayanai.

Ta fuskar gyara, doka ba ta yi ƙaranci ba, domin an kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa masaƙu da kamfanonin fata tace dagwalonsu kafin su sake shi. Abin da ake buƙata shi ne aiwatarwa a Bompai, da raba jini da tumbi daga ruwan mayanka, da gina tafkunan tacewa inda laka za ta kwanta kafin kogi ya isa Wasai, da barin shingen ciyawa da itatuwa tsakanin gonaki da bakin ruwa. Shimfiɗa kankare a magudanar Jakara yana sauƙaƙa wa birni ambaliya da wari, amma ruwan yana isa karkara da dagwalonsa. Tun da laka za ta ci gaba da sakin abin da ta adana, sakamakon gyara zai ɗauki shekaru kafin ya bayyana, kuma kowace shekarar jinkiri tana ƙara wa wannan wa'adi tsawo. Masuntan Wasai da manoman da ke kewaye da su ba su ne suka ɓata ruwan ba, amma su ke fara ɗanɗana illarsa, sannan ta koma wa birni a cikin kifi da kayan lambun da ake kai wa kasuwanninsa. Wannan ya sa tsabtace Jakara ya zama haƙƙin karkara a wuyan birni, kuma maslahar birnin kansa.