Gwarzo a Mararraba: Irin Jingar da Ta Dace da Darasin Tarihi a Sakandare

Duk malamin da ya taɓa ba 'yan babbar sakandare jingar rubuta tarihin wani shahararren mutum ya san abin da zai dawo masa. Takarda sittin, magana ɗaya: an haife shi a shekara kaza, ya yi karatu wurin wane, ya ci gari kaza, ya rasu ya bar 'ya'ya kaza. A da daga littafi ake kwafowa, yanzu daga waya. Bayan shekarun da darasin tarihi ya yi a wajen manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, an dawo da shi, kuma abin murna ne. Sai dai dawowar darasi a jadawali ba ta isa ba idan abin da ake nema daga ɗalibi bai wuce hadda ba. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne cewa koyar da tarihi ta hanyar fitattun mutane dabara ce mai kyau, amma da sharaɗi guda: jingar ta kai ɗalibi wurin mutumin nan a lokacin da yake tsaye a mararraba, bai san abin da gobe za ta haifar ba.

Dalilin wannan sharaɗi yana cikin al'adarmu. Mu mutane ne masu kirari. Bahaushe ya gaji salon ambaton manya daga maroƙa da makaɗan fada, salon da aka gina don ɗaukaka, kuma yana da muhallinsa da darajarsa. Amma kirari ba ya tambaya. Idan ya shigo aji ya zauna a kujerar nazari, yaro zai fita da sunaye masu nauyi a bakinsa, ba tare da ya taɓa jin cewa waɗannan bayin Allah sun yi shakka, sun yi shawara, an saɓa musu, wani lokaci ma sun yi kuskure ba.

A ɗauki watan Maris na 1903. Sojojin Turawa na Lugga sun ci Kano a Fabrairu, sun iso Sakkwato, an gwabza a Giginya, an ci garin. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira, ya nufi gabas da ɗimbin jama'a, har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekarar. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran mutane har Sudan, inda zuriyarsu take har yau. Waziri Buhari kuwa ya koma gari ya yi sulhu da Turawa, bayan ya nemi fatawar malamai, daga baya ya rubuta wasiƙa yana bayyana dalilansa. Mutane biyu, gida ɗaya, addini ɗaya, hukunci biyu. Jingar da nake ba da shawara a nan ita ce a ce wa ɗalibi: kai malami ne a Sakkwato a wannan mako, kana da tsofaffin iyaye da almajirai ashirin, rubuta wa ɗan'uwanka da ke Gwandu wasiƙa ka faɗa masa ko za ka bi Sarkin Musulmi ko za ka zauna, da hujjarka. Ƙa'idar ita ce kada ya ambaci wani abu da ya faru bayan ranar da ya sa a wasiƙar. Bai san Burmi ba, bai san mulkin Turawa zai kai 1960 ba.

Wannan ƙa'ida ƙarama ita ce gishirin aikin. Tana tilasta wa yaro ya tantance abin da mutanen lokacin suka sani da abin da mu muka sani daga baya, wanda kuwa shi ne matakin farko na tunanin masanin tarihi. Kuma ba a iya kwafo irin wannan wasiƙa daga ko'ina. Wanda ya zaɓi hijira dole ya yi maganar guzuri da rani da mata da yara a kan hanya. Wanda ya zaɓi zama dole ya fuskanci tambayar da ta dami Waziri kansa: shin zama ƙarƙashin wanda ya ci ka da yaƙi don kare jama'a da addininsu halal ne, ko kuwa miƙa wuya ne? Ɗalibin da ya yi kokawa da wannan tambaya ba zai sake kallon ɗayansu a matsayin jarumi kawai ko matsoraci kawai ba.

Za a lura ban ce ɗalibi ya zama Attahiru ba. Da gangan ne. Akwai masu ba da shawarar wasan kwaikwayo, a naɗa wa yaro rawani a ce shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A makarantunmu wannan zai iya jawo ɓacin ran iyaye, kuma ina ganin suna da hujja, domin sanya magana a bakin wanda jama'a ke girmamawa ta fuskar addini ba ƙaramin abu ba ne. Ko ta fuskar ilimi ma, gefen gwarzo ya fi amfani: magatakarda, falke, matar aure, bawa a rinji. Daga nan ake hango abin da hukuncin manya ya jawo wa talaka.

Misali na biyu ya fi dacewa da muhawara. Wasiƙun da suka gudana tsakanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno da Muhammadu Bello na Sakkwato suna cikin mafi daraja a abin da ƙarni na 19 ya bar mana. Al-Kanemi ya ƙalubalanci halascin yaƙar Borno, yana mai cewa mutanenta Musulmi ne, kuma aikata saɓo ba ya mai da mutum kafiri. Bello ya mai da martani, ciki har da zargin cewa Borno ta taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu. A raba aji biyu, kowane ɓangare ya kare matsayi ɗaya, sa'an nan a mako na biyu a musanya, wanda ya kare Borno ya koma kare Sakkwato. Bayan an gama sai malami ya jefo tambayar da ta fi muhawarar kanta muhimmanci: ta ina maganar al-Kanemi ta iso gare mu? Yawancin masu karatu sun san ta ne ta littafin Bello, Infaƙul Maisuri, wato ta hannun abokin jayayyarsa. Mene ne wannan ke nufi ga mai neman gaskiya? A nan yaro ke fara gane cewa kowace madogara tana da mai ita.

Sarauniya Amina ta Zazzau kuma darasi ce ta wata fuskar. Kowa ya san sunanta, ga ganuwa da ake jingina mata, amma madogaran ba su ma daidaita a kan zamaninta ba: Tarihin Kano ya ambace ta a farkon ƙarni na 15, wasu ruwayoyin sun kai ta ƙarni na 16 a matsayin 'yar Bakwa Turunku. Jinga mai kyau a nan gajera ce. Ɗalibi ya ja layi a tsakiyar takarda, hagu ya rubuta abin da aka samu a rubuce da inda aka same shi, dama ya rubuta abin da ya ji a baki ko ya gani a fim. Ba don a rena ruwayar baka ba, don a koyi auna kowace da ma'auninta.

Akwai ƙorafi biyu da na san za a yi, kuma ba na wasa ba ne. Na farko, ajin da ke da ɗalibi saba'in ko fiye, yaushe malami zai duba wasiƙu saba'in? Amsar ita ce aikin rukuni da karantawa a baki: rukuni goma, wasiƙa goma, aji ya saurara ya kama wanda ya karya ƙa'idar lokaci. Yara sun fi malami kaifin kunne wajen kama kuskuren juna. Na biyu, jarrabawar WAEC da NECO na jira, kuma manhaja doguwa ce. Gaskiya ne, shi ya sa ba na cewa kowane darasi ya koma haka. Sau biyu ko uku a zango ya wadatar. Kuma wanda ya rubuta wasiƙa daga Sakkwato a Maris na 1903 ba ya bukatar haddace shekarar, ta riga ta zauna masa.

Abu na ƙarshe da nake so a sake dubawa shi ne wane ne ma fitacce. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji suna kai ilimi ƙauyuka ta hanyar ƙungiyar 'yan taru, amma sunayen yawancin matan nan ba su shiga littafin makaranta ba. Baba ta Karo ba sarauniya ba ce, ba malama ba ce. Ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 ta ba da labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954, ya zama ɗaya daga cikin manyan madogarai kan aure da bauta da zuwan Turawa a ƙasar Hausa. Kowane ɗalibi yana da irin wannan tsohuwa a gida ko a unguwa. A tura shi da tambayoyi biyar da aji ya tsara tare, a kan abu ɗaya tak: yunwar 1973, ko canjin kuɗi daga fam zuwa naira a wannan shekarar, ko zamanin NEPU da NPC ga wanda ya sami mai shekarun. Ya nemi izininta, ya rubuta maganarta yadda ta faɗa, ya sa rana da wuri. Idan amsoshin suka taru a aji za a ga inda suka dace da inda suka saɓa, sai malami ya ajiye littafin manhaja a gefensu, ya tambayi ɗalibai me ya sa littafin bai ambaci abin da kakanninsu suka fi tunawa ba.